Cigiyar Jakin Surukina

Duk wanda ke kama rediyon Bakin Tabki da hantsi ya san ni, ko bai taɓa ganin fuskata ba. Ni ne Ado Mai Gyaran Rediyo. Shekara tara ina buga waya cikin shirin gaishe-gaishe ba fashi, kuma ni kaɗai nake iya jera sunan mutum arba'in cikin numfashi uku, tun daga masu kifi na kasuwar Madarumfa har 'yan canji na Ɗan Issa. A rumfata ina gyaran rediyo, ina kuma zuba wa mutane waƙoƙi a katin waya, amma wannan neman abinci ne kawai. A zuciyata na daɗe da yanke cewa Allah ya yi ni ne don mikro, abin maganar nan na gidan rediyo, mutane ne dai ba su farga ba.

Matata Ladi ta farga, sai dai ba yadda nake so ba. Ita cewa take muryata tana da amfani ƙwarai idan gero ya nuna, tsuntsaye sun dami gona.

Abin ya faro wata Asabar cikin rani, lokacin da lambunan bakin tabki suka cika da albasa da tumatir. Aka ɗauke ni in riƙe mikro a wani bikin aure, a ƙauye kan hanyar Safo. Ga lasifika biyu manya, ga batir, ba ɗan kabu-kabun da ya yarda ya ɗora su a babur. Sai na aiki Ladi gidansu ta aro mini jaki da amalanke.

Mahaifinta sunansa Ɗanjuma. Rubutawa na yi, ban faɗa ba. Tun da na auri 'yarsa bakina bai taɓa kama sunan nan ba, Baba nake ce masa. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ɗa namiji a kusa. Abin da ya mallaka jaki ɗaya ne da amalanke, da su yake kwaso kayan lambu daga bakin tabki zuwa kasuwa, a ba shi ladan dako ya auno hatsi. Ranar da jakin bai fita ba, tukunyar gidan takan makara.

Ladi ta dawo da jakin da saƙo guda. "Baba ya ce kak ka ɗaure shi kusa ga ƙara, ba shi son hayaniya."

Na ce, "Ni za a koya ma jaki? Mutum nawa nika sarrahwawa da bakina, balle dabba."

Da muka isa, inuwa ɗaya ce a filin bikin, ta wata tsamiya. A jikinta na rataye lasifika, a gindinta kuma na ɗaure jakin, don ni mutum ne mai tausayin dabba. Na haɗa waya, na matso kusa in gwada murya, na ce alo. Lasifikar ta saki wani irin kuka mai shiga haƙori. Jakin nan, da a gida sai an roƙe shi yake ɗaga ƙafa, ya tsinke igiya, ya ratsa ta wurin mata masu girki, ya yi fatali da kwanon miya, ya faɗa gonaki. Na so in bi shi, amma ga mikro a hannu, ga jama'a sun zuba mini ido. Na ce a raina jaki ba ya ɓata, ya san gida, na ci gaba da gaishe da dangin ango.

Ashe daga can bai san gida ba.

Washegari da safe samarin ƙauyen suka taya ni turo amalanken, na je na durƙusa gaban Baba. Ya saurare ni har na gama, yana murza guntun igiyar da na kawo masa. Ya ce, "Allah shi bayyana shi." Bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi, don shirun nan shi ya sa bakina ya zarce.

"Baba, kwantar da hankalinka. Rediyo hannuna take. Gobe war haka jakinka na gida shina cin dusa."

Ladi, daga bakin ɗaki, ta ce, "Allah shi sa ba hannun da yar riƙe igiyar jakin ba na."

A gidan rediyo Madam Nafisa ce ke karɓar sanarwa: ta rasuwa, ta taron ƙungiya, da cigiyar akuya ko katin shaida. Na ajiye dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, a teburinta, ta jawo takarda.

"Mi yab ɓace?"

"Jaki."

"Kamanninshi."

Na waiga, na ga ba kowa, na rage murya. Na ce tsoho ne, toka-toka, kunnen hagu a tsage, akwai tabon gyambo a gadon baya, yana kuma ɗingishi da ƙafar baya. Ta rubuta duka ba ta ko ɗago ba.

"Mai shi?"

"Surukina."

"Sunanshi nika tambaya."

"Madam, ke ma kina da surukai."

Ta yi dariya ta ce, "Ɗanjuma mai amalanke ke nan," ta rubuta a ƙasan takardar. Nan na fara roƙo. Na ce shekara tara ina kiransu ta waya, ana katse ni in na yi tsawo, yau dai a bar ni in karanta cigiyata da bakina. Ta ƙi, na nace, na tuna mata rediyon mahaifiyarta da na gyara ban karɓi komai ba. Ta gaji ta ce, "To. Abin da ke bisa takarda za ka karantawa, kak ka ƙara ko gishiri."

Ɗakin watsa shiri ƙarami ne, an manne bangonsa da kwalin ƙwai, amma ni a ranar fada na shiga. Aka sa mini abin ji a kunne, jar fitila ta kama. Na dubi takardar. Sai na tuna 'yan canji na Ɗan Issa, da matan Jibiya da ke aiko mini gaisuwa suna ce mini Alhaji Ado, alhali iyakata Maraɗi. Yau ce rana ta farko da na zauna cikin rediyo, kuma abin da zan fara gaya wa duniya shi ne dukiyar surukina kaf tsohon jaki ce mai tsagaggen kunne. Ga kuma sunan nan a ƙasa, wanda ba zan iya faɗa ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, na gyara murya.

"Jama'a, cigiya muke. Ba kowane jaki ba ne ya ɓace:

Ingarman jakai, fari tas ba ɗigo,
Kunnuwa tsaye sun fi eriya miƙewa,
In ya taka, kabu-kabu sai dai ta hango shi,
Buhu shida a baya, yana tafe yana rangaji,
Na babban mutum, wanda baki ba ya kama sunansa."

Na yi ta yi, baiti na jawo baiti. Ta cikin gilashi na hango Madam Nafisa tana ɗaga hannu biyu tana kaɗawa, na ɗauka jinjina take mini, na ƙara ƙaimi. Na rufe da cewa wanda ya gan shi ya kawo rumfar Ado. Da na fito ta tare ni a ƙofa.

"Wanda yat tsinci jakin ga, ta ƙaƙa za shi gane shi?"

"Madam, cigiya ma tana son kwalliya. Jaki ai jaki na."

"Lokacinka ya ƙare. In kana son gyara, ka san kuɗin."

Na ce ba abin da za a gyara. Na koma gida ina taku ɗai-ɗai, na tarar Ladi ta kashe rediyo ta zauna tana jirana. Ta ce, "Wane jaki na kuma kab ɓatar, bayan na Baba?"

Gobe war haka ta zo ta wuce, jaki bai ci dusa ba. A rana ta uku ina cikin aiki na ji hayaniya ta nufo rumfata. Wani mai sayar da kanwa ne daga Ɗan Issa, dogo, ransa a ɓace, yana jaye da jaki, mutane na biye. Na ɗaga kai na ga ikon Allah. Jakin fari tas, kunnuwa tsaye, ƙirji cike, yana tafe yana rangaji. Duk ƙaryar da na shirga a rediyo ga ta tsaye gabana da ƙafa huɗu.

"Kai na Ado?"

"Ni na."

"Gari ukku anka tare ni yau, ana ce mani ɓarawo. Jakin ga gidana anka haihe shi. Hwaɗa masu ba naku ba na."

Ba zan ɓoye ba, Shaiɗan ya raɗa mini wata magana a kunne, na kuma saurare shi na ɗan lokaci. Amma na dubi damtsen mutumin na ce, "Ba shi ba na. Namu ya ɗara wanga tsawo kaɗan." Ya ce in ya sake jin muryata a rediyo, zai zo ya gyara ni yadda nake gyara ta. Daga baya na ji ya shafe jakinsa da toka kafin a bar shi ya ci kasuwa lafiya.

Da nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai Isa ya shigo ciki. Isa yana da situdiyo a wani ɗaki bayan tasha, inda yake buga wa amare da 'yan takara waƙoƙi da na'ura. Ashe ya ɗauki cigiyata ranar da na yi ta. Ya yayyanka ta, ya ɗora mata kiɗan kalangu na na'ura, ya sirantar da muryar, ya sa kukan jaki a wurin amshi. Ya zo rumfata ya kunna mini. Na ji muryata an wanke ta an goge, har ƙwalla ta taru mini a ido. Na ce masa dama na san haka take, waya ce ke ɓata ta.

Cikin kwana biyu ba inda ba a jin "Ingarman Jakai". 'Yan kabu-kabu na tafe da ita, masu shayi na kunna ta, mata a gidan biki suka ƙirƙiro mata rawa, a ɗora tafin hannu biyu a kai kamar kunnuwa a dinga rangaji. Layi ya kama a rumfata, kowa ita yake so a katinsa. Aka daina ce mini mai gyara, aka koma ce mini mawaƙi. Na sayi baƙin gilashi, na daina amsa sallama da sauri.

Ladi ta ce, "Koma ka gyara cigiyar."

"In na gyara yanzu, waƙa ta mutu."

"Baba hwa?"

"Ke ba ki san aikin watsa labarai ba. Cigiya iyakarta inda rediyo ka kai. Waƙa har Katsina ana jin ta."

"Ana jin ta, ana neman jakin da Allah bai halitta ba."

Don kada a ce ban yi komai ba, sau biyu na hau kabu-kabu na zaga ƙauyukan hanyar Safo. Amma duk inda na sauka na ce jaki nake nema, kafin in kai ga kunnensa sai wani ya gane muryata, a kama waƙa, a kewaye ni ana rawa. A ƙauye na biyu har fura aka dama mini. Na sha, na yi musu baiti biyu, na dawo.

Ranar kasuwa ta biyu, waƙar na tashi a rumfata, 'yan mata na jiran katinsu, sai na hango amalanke tafe a hankali cikin rana. Buhu uku na albasa ne a kai. A inda jaki ke tsayawa, tsakanin itatuwan amalanken biyu, Baba ne, ya ɗaura igiya a ƙirji yana ja. Na sulale ƙarƙashin tebur na ce ƙusa ce ta faɗi. Daga nan ƙafafunsa kawai nake gani, da takalmin taya, suna wucewa a daidai inda waƙar ke cewa buhu shida a baya. Na ji kunya ƙwarai. Amma kunyar ba ta kai ta fito da ni daga ƙarƙashin teburin ba, sai da ya yi nisa.

A makon ne rediyo ta cika shekara goma, aka shirya biki a filin gaban meri, wato ofishin magajin gari, da la'asar, za a watsa kai tsaye. Aka aiko mini takardar gayyata, wai masu sauraro sun ce sai mai "Ingarman Jakai" ya hau dandali. Na ari babbar riga wurin wani ɗan canji, wadda ta fi ni da kamu guda. Ladi ta ce ba za ta je ba. Na ce wanda bai san darajar abin da ke gidansa ba, a rediyo zai ji.

Filin ya cika. Mutanen Safo, na Ɗan Issa, masunta, masu lambu, ga manyan baƙi a kujeru ƙarƙashin rumfa. Madam Nafisa ce ke gabatarwa. Ta kira sunana, na hau ina ɗaga hannun riga. Isa ya saki kiɗan, ba murya, ya yi mini alama in shiga.

Nan na gane wani abu da ba wanda ya gaya mini. Ni ban taɓa rera waƙar nan ba. Na'urar Isa ce ta rera ta. Na shiga kafin kiɗa, na tsaya in jira shi, ya wuce ni. Na bi shi da gudu, numfashi ya ƙare a tsakiyar baiti. Muryar da ta fito daga lasifika ba wankakkiyar nan ba ce, ta gonar gero ce. Da aka zo amshi Isa ya manta bai sa kukan jakin ba, ni kuma don kada wurin ya zauna fanko na yi shi da bakina. Shi kaɗai ne abin da na yi daidai a ranar, shi kaɗai kuma aka tafa wa.

Madam Nafisa ta sa aka tsayar da kiɗa don ta cece ni. Ta ce, "To mawaƙi, masu sauraro na tambaya. An ga jakin?"

Na gyara gilashi na ce, "Madam, irin wanga jaki ba a ganin shi da garaje. Muna da labarin an hange shi wajen iyaka."

Ban rufe baki ba na ga mutane na darewa. Baba ne ke tahowa, da rigarsa ta aiki, alamar igiya na nan a kafaɗarta. Bai dube ni ba. Ya tsaya gaban dandali, ya kwance bakin wani ƙyalle, ya fito da dala ɗari ya miƙa sama.

"Ɗiyata, an ce mani nan aka cigiya."

Madam Nafisa ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta sauko da kanta. Ta mayar masa da hannunsa, ta kara masa mikro a baki.

"Sunana Ɗanjuma mai amalanke. Jakina ya ɓace yau kwana ashirin da ɗaya, wajen hanyar Safo. Tsoho na, toka-toka. Kunnen hagu tsage, kare yac cije shi tun shina ƙarami. Shina ɗingishi ƙahwar baya. Ba shi da kyau, amma da shi nika ci. Wanda yag gan shi, shi taimake ni."

Sai wani mutum daga baya, wanda ɗazu na gan shi yana rawar kunnuwa fiye da kowa, ya ɗaga hannu.

"Tsoho, akwai tabo bisa bayanshi?"

"Akwai."

"To ai shi na hawo hal nan. Ga shi can gindin iccen bedi, na ɗaure shi nesa don ba shi son ƙara."

Aka jawo mutumin gaba, Madam Nafisa ta tambayi sunansa. Ya ce Alhassan, manomi ne daga wata tunga kusa da Safo. Jakin ya shigo masa gida tun ranar Asabar ɗin, yana ta cinye masa harawa.

"Ba ka ji cigiya ba?"

"Na ji, Madam. Na hita na diba shi, na ce wanga ba ingarma ba na. Hal rumhwar mawaƙi na zo, ban ishe shi ba, an ce ya tahi ɗaukar hoto. Na ce ma samarin wurin na tsinci jaki mai tsagaggen kunne, sunka yi mani dariya, sunka ce in koma in sake sauraren waƙa. Na saye ta ma. Ita nika kunnawa in ina ba shi abinci."

Dariyar da aka yi, na ji an ce har masu sauraro a gida sai da suka rage rediyo. Kafin ta lafa sai ga jakin an jawo shi. Ya shigo fili yana ɗingishi, kai a ƙasa, tsagaggen kunnen na lilo. Ban san ko mugunta ce ko hannu ne ya kuskure ba, Isa ya saki waƙar, ta ainihi, da wankakkiyar muryata tana cewa fari tas ba ɗigo. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta faɗi zaune. Manyan baƙi suka rufe baki da hannun riga. Mai kanwa na Ɗan Issa, ashe yana nan, ya tako har gaban dandali ya dubi jakin, ya dube ni, ya ce, "Lalle ya ɗara nawa tsawo."

Baba bai yi dariya ba. Ya shafa wuyan jakin, ya ɗaga ƙafar bayan ya duba kofato, ya yi wa Alhassan godiya irin ta manya, har da riƙe hannu biyu. Na sauko, rigar aro ta harɗe ni, na ƙarasa gabansa a durƙushe. Na manta ɗayan mikron yana hannuna a kunne.

"Baba, ka yi mani aikin gahwara. Niyyata in ɗaukaka ka."

Ya dube ni, karo na farko cikin kwana ashirin da ɗaya. Ya yi magana a hankali, don ni kaɗai ya yi nufin in ji, amma lasifika biyu da rediyo suka kai ta ko'ina.

"Ado, da ka ce mani kunyarshi kaka ji, da na zo da kaina tun ranar. Jakin ga shi yak kai kayan ɗakin Ladi gidanka. Sawu huɗu yay yi, ba ka ce mashi mummuna ba."

Ba wanda ya sake yin dariya. Baba ya naɗe igiyar a hannu, ya juya, mutane suka ba su hanya. Na ajiye mikron a ƙasa, na tattare rigar aro na bi su a baya, ba tare da an ce in zo ba. Jakin yana ɗingishi, tsohon kuma yana rage tafiya don kada ya wahalar da shi.